Waiwaye: Wane Littafin Turanci Muke Miƙa wa 'Ya'yanmu?

A watan Oktoba na 2023 gwamnatin Jihar Kano ta hana amfani da wasu littattafai shida a makarantu, ciki har da Queen Primer, ɗan littafin nan da da yawanmu muka fara haɗa baƙin Turanci da shi. Aka yi ta ce-ce-ku-ce a gidajen rediyo da majalisun hira, daga baya ƙura ta lafa. Abin da ba a tsaya an tambaya ba shi ne, yaya littafin da aka rubuta wa yaran Ingila tun zamanin Sarauniya Biktoriya ya yi shekara da shekaru a jakar 'ya'yanmu kafin mu waiwaye shi?

Damuwar ba yau ta fara ba. Da Hans Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, da Hausa aka fara karatu, a lokacin kuma iyaye na ɗari-ɗari da duk ilimin da ya biyo Nasara. Turanci bai kafu sosai ba sai a Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu. Mutanen wancan zamani ba su tsaya ga ƙorafi ba. Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubutu a 1933, daga baya Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce don 'yan makaranta. Suka ga giɓi, suka ɗauki alƙalami.

A ɓangaren Turanci kuwa, mun daɗe muna cin tuwon wasu. Yaron da bai taɓa barin Gumel ba a ba shi darasi a kan dusar ƙanƙara, da kare mai kwana kan gadon maigidansa, da budurwa mai kawo saurayi gida cin abincin dare. Ya haddace, ya rera da ƙarfi tare da 'yan aji, malam ya ce madalla. Amma ka ce ya faɗi da Turanci yadda ake shirin hawan Sallah a garinsu, sai ya yi tsuru-tsuru. Aiki biyu aka ɗora masa lokaci guda: koyon harshe, da cankar rayuwar da bai sani ba, wani sashenta ma a gida an ce masa haramun ne.

Duk wanda ya karanta The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi, da ya fito a 1960, ya san bambancin. Ga jirgin ƙasa, ga tafiya Makka, ga sunaye irin na maƙwabta. Yara kan cinye shi ba tare da an ɗaga bulala ba, Turancin kuma ya zauna. Haka The Stillborn na Zaynab Alkali ya yi wa 'yan mata da yawa tun 1984.

Sai dai a yau wata matsalar ta ɓullo. Akwai littattafan da ake tallatawa makarantun Islamiyya masu haɗa boko, an sa Musa da A'isha, an zana hijabi da masallaci, amma nahawun a karye, ba tsarin hawa daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Wani mai makarantar kuma ba ya buɗe littafi ma. Dillalin da ya fi ba da kaso, nasa ke shiga jerin da za a miƙa wa iyaye farkon zango. Yaron da aka koyar da irin wannan shi zai zauna jarrabawar WAEC da NECO da JAMB tare da kowa, ba kuma za a yi masa rangwame don littafinsa na da hoton masallaci ba.

Saboda haka tambaya uku ce. Turancin littafin ingantacce ne, ya bi manhajar da hukumar NERDC ta tsara? Yaro zai ga gidansu da kasuwarsu da addininsa a ciki cikin mutunci? Zai kuma buɗe masa ido ya san sauran jama'a, Kirista da Bayarabe da Bature, ba tare da raini ba? Sanin yadda wasu ke rayuwa ba ya rage imani. Abin gudu shi ne littafin da ke nuna wa yaro cewa tasa rayuwar ce koma-baya.

Hani kaɗai ba ya cika jakar ɗalibi. Masu makarantu su kafa ɗan kwamiti, malamin Turanci da malamin addini da wakilin iyaye, su karanta kowane littafi daga bango zuwa bango kafin a saya. Malamanmu na Turanci a jami'o'i da kwalejojin ilimi kuma su zauna su rubuta. Iyaye, in an kawo jerin littattafan zango mai zuwa, ku buɗe ku duba kafin ku biya.