LAFIYA UWAR JIKI: Kwatangwalon Ƙarfe Shi Ma Yana Tsufa

Idan gaɓar kwatangwalo ta lalace, har mutum ya kasa tafiya ko durƙusawa, likitocin ƙashi sukan yanke kan ƙashin cinyar, su sa ƙwallon ƙarfe ko na tangaran a madadinsa, wanda zai riƙa juyawa cikin wani ƙoƙo da aka kafa a ƙugu. Wani likita Bature, Sir John Charnley na asibitin Wrightington a Ingila, shi ne ya daidaita wannan dabara a 1962. Da farko ya yi ƙoƙon da robar Teflon, ta cinye cikin 'yan shekaru, sa'an nan ya koma wa wata roba mai ƙarko.

To, shekara nawa abin yake yi? Wani bincike na masanan Jami'ar Bristol da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna cewa kusan kashi 89 cikin ɗari sukan kai shekara 15, kashi 70 su kai 20, kashi 58 kuma su kai 25.

Babban abin da ke kashe shi shi ne gogayya. Kowane taku yakan kankare ɗan ƙwayar roba wanda ido ba ya gani. Jiki ya ɗauki wannan ƙura baƙuwa ce, ya tasam mata da yaƙi, garin haka sai ya cinye ƙashin da ke riƙe da ƙarfen, ƙarfe ya fara girgiɗi. Ban da wannan akwai gocewar ƙwallo daga ƙoƙo, da karaya a gefen ƙarfen, da shigar ƙwayoyin cuta, waɗanda in sun manne wa ƙarfe magani ba ya kai musu sosai. Wani lokaci kuma laifin ƙira ne: a 2010 kamfanin DePuy ya janye samfurinsa ASR, mai ƙarfe kan ƙarfe, bayan an sa wa mutane kimanin 93,000, saboda yawan lalacewarsa da gurɓin ƙarfen da yake saki cikin jiki.

Wannan magana ta fi shafar Nijeriya ta wata fuska. A Turai galibi tsofaffi ake yi wa aikin. A nan kuwa amosanin jini, watau sikila, yakan toshe jinin kan ƙashin cinyar matasa har ya mutu. Saurayi ɗan shekara 25 da aka yi masa aikin a asibitin ƙashi na Dala a Kano, ko Igbobi a Legas, da wuya ya ƙare rayuwa bai sake kwanciya ba, aiki na biyu kuwa ya fi na farko wuya da tsada.

Saboda haka mai wannan ƙarfe ya rage ƙiba, ya guji tsalle da ɗaukar kaya masu nauyi, ya riƙa zuwa hoton ƙashi ko da ba ya jin ciwo, domin ƙashi kan cinye a ɓoye. 'Yan'uwa kuma su fara tanadi tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya ba mu lafiya.