Mai ƙera manhajar ƙamus ya riƙe SQLite ɗinsa a hannunsa

Duk ɗalibin da ya taɓa amfani da Anki wajen haddar kalmomi, ko ya buɗe tarihin shafukan da ya ziyarta a Firefox, ya yi aiki da SQLite ko da bai san sunanta ba. Ƙaramin injin adana bayanai ne da ake dasawa a cikin manhaja, yana ajiye komai a fayil guda, ba ya buƙatar uwar garke ko intanet. D. Richard Hipp, ɗan Amurka, shi ya fitar da ita a shekarar 2000, ya kuma sake ta ga jama'a ba tare da haƙƙin mallaka ba. Saboda haka ta dace da manhajojin ƙamus da na darussa da ake ɗora wa kwamfuta a Maraɗi ko Garwa ko zangon Kumasi, inda kuɗin data ke da tsada, layin kuma ke yawan yankewa.

Tambayar da ke gaban mai ƙera irin wannan manhaja ita ce: ya dogara da SQLite da ya tarar a kwamfutar mai amfani, ko ya ɗauko tasa ya haɗa ta cikin manhajar? Windows 10 na zuwa da tata kwafin mai suna winsqlite3.dll, macOS na da tata, Python kuma na ɗauke da hanyar shiga SQLite tun siga ta 2.5 a 2006. Duk da haka, ga manhajar da za ta riƙe kalmomin Hausa, haɗa tasa kwafin ya fi zama daidai.

Hujja ta farko tana cikin haruffa. SQLite na adana rubutun Unicode lafiya, don haka ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ba sa lalacewa a cikinta. Matsalar tana wajen bincike da jeri. A yadda take fitowa, ba ta san dangantakar babban harafi da ƙarami ba sai a haruffa 26 na Ingilishi. Ɗalibin da ya nemi «ɗaki» da umarnin LIKE ba zai ga «Ɗaki» ba, alhali wanda ya nemi «gida» zai ga «Gida». Wajen jeri kuwa tana bin lambar kowane harafi, sai «ƙasa» da «ɓera» su faɗa bayan «zuma», ƙ ma ta riga ɓ. Ƙamusun da ya jera kalmomi haka ya koya wa ɗalibi abin da zai sha wahalar gyarawa daga baya.

Maganin yana hannun wanda ya harhaɗa injin. Akwai ƙarin ICU da ake kunnawa lokacin harhaɗawa, wanda ya san manyan haruffa da ƙanana na Unicode, sai dai bayanansa sun ninka SQLite ɗin kanta nauyi sau da yawa. Akwai kuma FTS5, injin binciken rubutu da ya shigo a siga ta 3.9.0 a 2015, shi ma sai an kunna shi. Hanya mafi sauƙi ga jeri ita ce mai manhaja ya rubuta tsarinsa na Hausa ya yi masa rajista ta sqlite3_create_collation, ya ajiye ɓ bayan b, ɗ bayan d, ya kuma yanke yadda zai haɗa ƴ da ake rubutawa a Nijar da 'y da ake rubutawa a Nijeriya. Wannan na ƙarshe yana aiki da kowace kwafi. ICU da FTS5 kuwa ba su da tabbas a kwafin da wani ya harhaɗa da zaɓinsa.

Hujja ta biyu ita ce bambancin siga. Kwamfutocin makarantu da na shagunan buga takardu kan daɗe ba a sabunta su ba. Teburan STRICT, masu hana a zuba rubutu inda aka ware wa lamba, sun zo a 3.37.0 a 2021. Manhajar da aka gwada a sabuwar kwamfuta tana iya tsayawa cak a tsohuwa, malamin da ke Damagaram kuma ba shi da hanyar sanin dalili. Wanda ya haɗa tasa kwafin ya san abin da ya gwada shi ne ke aiki a ko'ina.

Ɗauko ta ba wuya. Shafin sqlite.org na ba da dukan injin a dunƙule cikin fayil ɗin sqlite3.c tare da sqlite3.h, kuma bayan harhaɗawa yakan tsaya kusa da megabayit ɗaya. Kusa da kowane fayil akwai hatimin lissafi na SHA3-256 don a tabbatar abin da aka sauke shi ne na asali. Bai kamata a ɗauko fayil ɗin DLL daga shafukan da ke tara irinsu ba, ko daga filashin aboki, domin duk abin da aka cusa a cikinsa zai shiga kwamfutar kowane ɗalibi da sunan mai manhajar.

Masu adawa da wannan ra'ayi suna da hujja mai nauyi. Debian da sauran masu rarraba Linux ba sa son kowace manhaja ta zo da tata kwafin, domin idan aka gano ɓaraka, gyara ɗaya a wuri ɗaya ya ishi kowa. A Disamba 2018 masu bincike na Tencent sun bayyana ɓarakar da suka kira Magellan, wadda siga ta 3.26.0 ta toshe, kuma duk manhajar da ta riƙe tsohuwar kwafi ta zauna a buɗe har sai mai ita ya motsa. A Linux, inda mai rarrabawa ke ɗaukar nauyin sabuntawa, bin ƙa'idarsa ya fi. A Windows kuwa, inda mafi yawan ɗalibai suke, babu wanda zai tabbatar wa mai ƙamus cewa kwafin da ke kwamfutar tana da abin da yake buƙata. Wanda ya haɗa kwafinsa ya ɗauki alhaki: ya rubuta lambar sigar a cikin manhajar inda kowa zai gani, ya riƙa duba sabbin fitowa, ya sake harhaɗawa idan gyaran tsaro ya fito, musamman idan manhajar na buɗe fayilolin da ɗalibai ke tura wa juna.

Bayanan kansu ba su cikin haɗari idan an sauya injin. Tsarin fayil na SQLite 3 yana nan tun 2004, masu ita sun yi alkawarin kula da shi har 2050, Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ma ya sa shi cikin tsare-tsaren da yake ba da shawarar a adana bayanai da su. Kalmomin da malami ya shafe shekaru yana tattarawa za su buɗu a kwamfutar da ba a ƙera ba tukuna. Abu ɗaya ne za a kiyaye: idan an yi amfani da tsarin jeri na musamman, a rubuta ƙa'idarsa a ajiye tare da fayil ɗin, domin wata manhaja da ba ta san sunan tsarin ba za ta ƙi jera kalmomin.