Jini Ba Ya Son Wasa

'Yan'uwana 'yan makaranta, duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Sabon Birni ko ta Isa ya ji masu tallar magani suna shela da lasifika, wai nasu yana wanke jini, yana tsinka shi. Jama'a kuwa sai saye su ke yi, ba mai tambaya ko jininsa yana bukatar tsinkewa. Ni a ganina wannan ganganci ne.

Allah ya halicci jini da awo. In mutum ya yanke, waɗansu 'yan ƙwayoyi cikin jinin su kan taru su liƙe bakin rauni, jinin ya daskare. In wannan aiki ya gaza, ga abin da mu ke gani ga wanda kububuwa ta sara: dafinta ya kan hana jini daskarewa, har dasashi ya riƙa zub da jini. In kuma aikin ya wuce kima, sai gudan jini ya toshe jijiya, ya jawo shanyewar jiki ko mutuwar fuji'a.

To, kada a ce ganye ba ya cuta. A shekarun 1920 shanu sun yi ta mutuwa a Kanada da arewacin Amurka, jini na zuba ba tsayawa, saboda wata ruɓaɓɓiyar ciyawa da su ka ci. Daga binciken wannan ciyawa aka samo warfarin. A 1948 maganin ɓera ne, a 1954 aka yarda a ba mutane don hana gudan jini. Ashe abu guda ya kan zama guba ko magani, awo ne ya raba su.

Tafarnuwa tana rage liƙewar ƙwayoyin nan. Ta cikin miya ba laifi. Amma dattijon da likita ya ɗora a kan asfirin ko warfarin, sa'an nan ya riƙa haɗiyar tafarnuwa da jiƙon da bai san abin da ke ciki ba, ranar da wanzami ya yi masa ƙaho ko aka cire masa haƙori, jini na iya ƙin tsayawa. Alayyahu da zogale kuwa suna da bitamin K, mai rage ƙarfin warfarin. Ba a ce a daina ci ba, sai dai a gaya wa likita.

Akwai kuma maganin da ba a saye, watau motsa jiki. Tafiya da sauri, ko tuƙa keke, tana sa naman sha-raɓa ya tura jini sama zuwa zuciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 a mako. A 2007 ta bayyana cewa zaman awa 4 ko fiye cikin mota ko jirgi yana ninka haɗarin gudan jini. Maniyyata da fatake masu doguwar tafiya su lura: a miƙe ƙafa, a sha ruwa. Wanda ya daɗe a zaune kuwa, kada ya fara da gudu a zafin bazara, ya soma a hankali.

Mu da mu ke karatu, mu ne idon iyayenmu. In za mu raka su asibiti, mu tafi da ƙullin maganin da su ke sha, mu nuna wa likita. Ba raina maganin gargajiya ba ne, neman sanin awonsa ne. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.