Gudun Safe Ya Ƙare A Lambu

A birnin Landan akwai ƙungiya mai suna GoodGym, wadda aka kafa a 2009. 'Yan ƙungiyar sukan fita gudu tare, su tsaya su yi aiki a lambun unguwa, sa'an nan su komo. To, mutanen Kafanchan ai sun daɗe da sanin irin wannan aiki, sunansa gayya.

Cutar da ta cinye citta a kudancin Kaduna a 2023 ta bar manoma da yawa hannu wofi, har kuɗin cefane ya gagara. Saboda haka ya kamata samarin da ke gudun safe su ƙarasa a bakin lambu, su shuka alayyafo da kuɓewa. 'Yan Arewa mazauna Ikko da Badun kuwa, su taimaka da iri da fartanya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.