Garwa: Tsadar litar mai ta sa masu sayen mota duba litar inji

Duk wanda ya taɓa zuwa cinikin mota a Garwa ko Marwa ya ji dillali yana cewa wannan "ɗaya da shida" ce, waccan kuma "biyu da huɗu". Mutane da yawa suna ɗauka cewa maganar tanki ake yi, ko yawan man da motar ke sha. Ba haka ba ne. Lambar 1.6 ko 2.4 da ake liƙawa a bayan mota girman cikin inji take nunawa, wato jimillar filin da fistin ke sharewa a cikin dukan silindoji idan ya sauka daga sama zuwa ƙasa. Lita ɗaya daidai take da cm3 1,000, don haka motar da katinta na carte grise ya nuna 1,598 ita ce ake kira 1.6. Baburan haya da suka cika titunan Garwa galibi 100 zuwa 125 ne, wato ba su wuce ɗaya bisa takwas na lita ba.

Shekaru kaɗan da suka wuce wannan lamba ba ta damu kowa a arewacin Kamaru ba, saboda mai yana da araha. Man Najeriya mai tallafi yana shigowa daga Adamawa ta hanyoyin daji da ta kogin Binuwai, a jarkoki, a sayar da shi a kwalabe a bakin titi. Shi ne zuwa-zuwa, wanda a Kano 'yan bumburutu ke sayar da irinsa. Mai babbar mota yana cika tanki ba tare da ya yi dogon lissafi ba.

Abin ya juya ne a 2023, daga ɓangarorin iyaka biyu. A watan Fabrairu gwamnatin Kamaru ta ɗaga litar fetur daga sefa 630 zuwa 730, gazuwal kuma daga 575 zuwa 720. Ranar 29 ga Mayu sabon shugaban Najeriya Bola Tinubu ya sanar da janye tallafi, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. A Fabrairun 2024 Yawunde ta sake ƙari: fetur 840, gazuwal 828. Cikin shekara guda ke nan litar fetur a gidan mai ta ƙaru da kashi ɗaya bisa uku. Tanki mai lita 50 da ake cikawa da sefa 31,500 ya koma 42,000, alhali mafi ƙarancin albashin ma'aikacin gona a wata, bisa dokar 2023, sefa 45,000 ne. A yankin da auduga ke ciyar da jama'a, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Faɗuwar darajar naira a gaban sefa ta hana zuwa-zuwa mutuwa, domin har yanzu akwai lokutan da ya fi na gidan mai sauƙi. Sai dai arahar da aka saba da ita ta tafi. Man hukuma kuwa nesa yake fitowa. Tun gobarar matatar Sonara ta Limbe a ƙarshen Mayun 2019, daga waje Kamaru ke sayo tataccen mai, a sauke a Duwala, jirgin ƙasa ya kai shi Ngaundare, sannan tankoki su ƙarasa da shi Garwa.

A nan ne girman inji ya shiga lissafin gida. A ƙaddara ƙaramar mota mai 1.6 tana shan lita 8 a kilomita 100, babbar jif mai inji lita 4 kuma tana shan 15. Daga Garwa zuwa Marwa da dawowa, tafiyar da ta ɗan haura kilomita 400, bambancin ya kai lita 28 ko fiye, wato sama da sefa 23,000 a tafiya ɗaya. Ga zafin Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke wuce digiri 40, na'urar sanyaya mota ba ta hutawa. Zafin ma yana cin mai saye ta wata hanyar: fetur yana kumbura da kusan ɗaya cikin dubu a kowane digiri, shi ya sa manyan 'yan kasuwar mai ke mayar da awonsu kan digiri 15. Kwalbar da ta wuni a rana tana iya cika har wuya, amma man da ke ciki bai kai na safiya ba.

Gwamnati ma da ma'aunin inji take karɓar nata. A duwan, bisa tsarin da aka bi a 2024, iyakar ita ce 2,500, wato lita biyu da rabi. Motar hawa da ba ta wuce nan ba, kuma ba ta haura shekara 10 ba, ba ta biyan harajin droit d'accises. Idan shekarunta sun kai 10 zuwa 15 sai ta biya kashi 12.5 cikin ɗari, idan sun wuce 15 kuma kashi 25. Wadda injinta ya haura 2,500 tana biyan kashi 12.5 ko da shekarunta kaɗan ne. Sai kuma harajin shekara na vignette, wanda tun 2017 ake biya tare da kuɗin inshora, kuma ana ƙayyade shi da "dawakin haraji" da ke cikin katin mota. Dokar kasafin 2023 ta kai na motocin gida masu doki 2 zuwa 7 sefa 30,000, masu sama da doki 20 kuma 200,000.

A takarda tsarin yana da ma'ana: a sayi ƙaramin inji, a sayi sabuwar mota. A ƙasa kuwa akwai ƙura. Ƙananan injunan zamani, irin su 1.2 ko 1.5 masu turbo, suna ba da ƙarfin tsohon inji mai lita 2 da ɗan mai kaɗan, amma ba sa jure gurɓataccen mai. Man da ya sha ƙurar hunturu a buɗaɗɗiyar jarka, ko aka gauraya da kananzir, wanda aka bar litarsa a sefa 350, yana lalata injekta da famfon mai, kuma ba kowane gareji ne ke da kwamfutar duba irin waɗannan motoci ba. Shi ya sa direban da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba yake komawa ga tsohuwar Corolla ko Carina, wadda kowane makanike ya san cikinta kuma take haɗiye duk abin da aka zuba mata. Ita ce kuma motar da ta wuce shekara 15, wadda duwan ta fi ɗora wa haraji.

Akwai kuma waɗanda ba su da zaɓi. Mai kai kaya ƙauyukan Faro ko Mayo-Rey da damina Hilux mai gazuwal 2.4 ko 2.8 yake buƙata, ba don alfahari ba, don hanyar ba ta ɗaukar ƙaramar mota. Tsakanin waɗannan motoci biyu iyakar 2,500 ta ratsa, kodayake nau'in motocin kaya lissafinsa daban ne a duwan. Ƙarin sefa 253 da aka yi wa litar gazuwal tun farkon 2023 kuwa ba a aljihun mai motar yake tsayawa ba. Yana bin buhun masara da na gyaɗa har kasuwar Garwa, inda wanda ko babur bai mallaka ba shi ma yake biya.