Neman Gurbi a Manyan Jami'o'in Amurka: A Faɗi Gaskiyar Abin da Ke Aljihu

Tsakanin farkon Nuwamba da farkon Janairu ne manyan jami'o'in Amurka ke rufe karɓar takardun masu neman digirin farko, mafi yawan sakamakon kuma ya fito a ƙarshen Maris. A waɗannan watanni gidaje da dama daga Kano zuwa Kumasi kan kwana tsakanin fata da zullumi, domin an daɗe ana yaɗa cewa a can karatu kyauta ne ga duk mai ƙwaƙwalwa. Zancen yana da tushe. 'Yan Nijeriya 20,029 ne ke karatu a Amurka a zangon 2023/24, bisa rahoton Open Doors, kuma a cikinsu akwai 'ya'yan talakawa da jami'a ta ɗauke wa komai. Sai dai akwai sauran bayani, kuma rashinsa ne ke kai iyaye ga bashi, ya kai 'ya'ya ga ƙarya.

Kuɗin shekara guda a jami'a irin Harvard ko Yale, idan aka haɗa da masauki da abinci, ya haura dala 80,000. Ɗalibin da ya zo daga waje ba shi da rabo a tallafin gwamnatin tarayyar Amurka, don haka duk abin da zai samu daga asusun jami'ar zai fito. Wasu kuwa suna da hannun kyauta ƙwarai. Tun 2001 Princeton ta daina sanya bashi cikin tallafinta, ta mayar da shi kyauta zalla. A Maris na 2025 Harvard ta sanar cewa iyalin da abin da suke samu a shekara bai wuce dala 100,000 ba, ba za su biya komai ba. Kusan duk gidajenmu suna ƙarƙashin wannan ma'auni.

Abin da ya wajaba kowane uba ya sani shi ne jami'o'in nan kashi biyu ne. Kashi na farko ba sa duba aljihun mai nema yayin yanke hukuncin ɗaukarsa, ko daga wace ƙasa ya fito, kuma idan sun ɗauke shi sai su cike masa duk giɓin da suka tabbatar yana da shi. Waɗannan 'yan kaɗan ne: Harvard, Yale, Princeton, MIT da Amherst, sai Dartmouth da Bowdoin da suka shigo a 2022, da wasu ƙalilan da suka biyo baya, kamar Brown. Kashi na biyu, wanda shi ne mafi rinjaye, suna auna cancantar ɗan ƙasar waje tare da nauyin da zai ɗora musu. A wurinsu neman tallafi yana rage damar samun gurbi, kuma ba su ɓoye hakan ba, yana nan a rubuce a shafukansu.

Kada kuma a ɗauka kashi na farko ƙofa ce a buɗe. A 2024 Harvard ta ɗauki ƙasa da mutum huɗu cikin kowane ɗari da suka nema. A MIT, rabon 'yan ƙasashen waje yakan tsaya wajen biyu cikin ɗari. Yaron da ya fi kowa a makarantarsu zai tarar da dubban irinsa daga Indiya da Sin da Kenya a layi ɗaya, kuma rashin ɗaukarsa bai nuna gazawarsa ba.

A nan ne jarrabawar take. A takardar neman gurbi akwai tambaya ɗaya: shin za ka nemi tallafin kuɗi? Wasu masu kiran kansu dillalan karatu kan ba da shawarar a amsa da a'a, wai in an shiga daga baya a san yadda za a yi. Muna kira ga iyaye da su guji wannan shawara. Da farko dai ƙarya ce, kuma ɗalibi ne ke sa hannu cewa duk abin da ya rubuta gaskiya ne. Bayan haka, dabarar ba ta ma ɓullewa. Jami'o'i da yawa sun shimfiɗa ƙa'idar cewa ɗan ƙasar waje da bai nemi tallafi tun farko ba, ba zai nema ba har ya gama. Ba kuma za a ba shi takardar I-20, wadda sai da ita ake neman biza, ba tare da shaidar kuɗin shekarar farko ba. Daga nan sai a koma aron kuɗi a zuba a asusun banki na 'yan kwanaki don a nuna wa jami'a da ofishin jakadanci. Ƙarya ta biyu ke nan, ta zo rufa wa ta farko asiri, ga shi kuma sauran shekara uku babu wanda ya san daga ina kuɗinsu zai fito.

Mafitar da ake nuna wa irin wannan ɗalibi ita ce kamfanonin da ke ba 'yan ƙasashen waje bashin karatu da dala, da ruwa a kai. Hukuncin riba a ƙarshen Suratul Baƙara bai ɓuya ga kowa ba, kuma ba mu ga yadda sha'awar sunan wata jami'a za ta kai matsayin larurar da ke halatta haram ba, alhali akwai inda za a yi karatun. Wanda ma bai duba wannan ba, ya duba lissafi: a farkon 2023 ana canjin dala a hukumance kan kusan naira 460, a 2024 ta haura 1,500. Duk wanda ya ci bashin dala yana sa ran biya da albashin naira, nauyinsa ya ninka sau uku yana zaune.

Akwai kuma ƙarya ta ɗaya ɓangaren, wato mai hali ya ɓoye gidajen haya da filaye a takardar CSS Profile don ya shiga sahun mabuƙata. Wannan cin haƙƙin maraya ne da ɗan manomi da ke layi ɗaya da ɗansa, kuma jami'a na da ikon janye gurbi ko tallafi a duk lokacin da ta gano. Mun san takardar ba a tsara ta da irin gidajenmu a rai ba. Ba ta san uban da ke ciyar da mutum goma sha biyar, har da 'ya'yan ƙaninsa marigayi, ko ɗan kasuwar da ba shi da takardar albashi ba. Amma tana da wurin bayanin yanayi na musamman, kuma ofisoshin tallafi suna karanta wasiƙa. A rubuta komai dalla-dalla. Haka nan rubutun da ake nema ɗalibi ya yi game da kansa: malami ya duba, ya ba da shawara, amma kada a saya.

Batun biza ma ya sauya. A Yunin 2025 Amurka ta hana 'yan Chadi da Sudan shiga ƙasarta, a Disamba ta ƙara da Nijar, ta kuma sanya Nijeriya cikin ƙasashen da takunkumin ya shafi bizarsu ta karatu. Kafin a kashe ko kwabo kan jarrabawa da kuɗin fom, a tuntuɓi cibiyoyin EducationUSA da ke Abuja da Legas, waɗanda shawararsu ta fi ta kowane dillali inganci, a ji matsayin da ake ciki. A kuma raba ƙafa. Shirin tallafin Gidauniyar Mastercard yana kai ɗaliban Afirka Toronto da Edinburgh da Cape Town da Ashesi ta Gana, gwamnatin Turkiyya tana da nata tallafin na shekara-shekara, Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ma haka. Ga mai son Amurkar dole, digiri na uku a fannonin kimiyya yakan zo da alawus daga jami'a, don haka digirin farko mai kyau daga Zariya ko Bayero hanya ce zuwa can. Rajistar JAMB takan buɗe a farkon shekara, tun kafin sakamakon Maris ya fito, kada a bari ta wuce ana jiran saƙo daga ƙetare.