Ƙafar da ke hana barci: A daina haɗa cuta biyu a ba su magani ɗaya

Akwai masu lalurar da ba a cika jin kukansu ba, domin da rana lafiyarsu ƙalau. Da zarar dare ya yi sun kwanta, sai ƙafa ta ƙi zama wuri ɗaya. Wani ya ce kamar kiyashi ke yawo a cikin ƙashinsa, wani ya ce ja ake yi. Sai ya tashi ya zaga tsakar gida abin ya lafa, ya koma shimfiɗa ya dawo. Likitoci na kiranta cutar Willis-Ekbom, da sunan Thomas Willis na Ingila da ya bayyana ta a 1672, da Karl-Axel Ekbom na Suwidin da ya yi cikakken nazarinta a 1945.

Matsalar ita ce mai wannan lalura ba shi da kalmar da zai faɗa wa mai kemis, sai ya ce jijiya ce ke ɗaure masa. Alhali ɗaurewar jijiya daban take. Ita tana zuwa ne farat ɗaya, tsokar sha-raɓa ta murɗe ta yi tauri har a iya taɓa ƙullin da hannu, da zafi mai tsanani na daƙiƙoƙi ko 'yan mintuna. Idan aka miƙe ƙafar aka jawo yatsu sama sai ta saki. A ɗaya cutar kuwa tsoka ba ta yin tauri, abin da ke damun mutum shi ne matsuwar sai ya motsa. Mutum ɗaya na iya fama da duka biyun, musamman mai juna biyu a watannin ƙarshe da mai zuwa wankin ƙoda, kuma a nan ruɗanin ke ƙaruwa.

Wannan ruɗani na da tsada. Wanda ya ce ba ya barci, sau da yawa Piriton ko promethazine ake miƙo masa, kuma waɗannan na daga cikin magungunan da aka san suna ƙara tsananta rashin natsuwar ƙafa. Wasu magungunan hana amai da na ciwon damuwa ma haka suke. Kwinin kuwa, wanda muka sani da maganin zazzaɓin cizon sauro, an daɗe ana ba da shi don ɗaurewar jijiya a ƙasashen Turawa, har hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa a 2010, saboda yana iya jawo zubar jini mai haɗari da rikicewar bugun zuciya. Ba mu ga dalilin da zai sa mu ɗauki abin da wasu suka yar ba. Sai kuma tiramadol da kodin: suna kwantar da ƙafar na ɗan lokaci, amma ranar da aka daina sha abin na iya dawowa fiye da da. Wanda ya fara su don neman barci ya sayo wa kansa wata cutar.

Abin takaicin, babban abin da ke tayar da wannan lalura mai sauƙin ganowa ne: ƙarancin sinadarin ayon a jiki, wanda ƙwaƙwalwa ke buƙata don sarrafa sinadarin dofamin mai daidaita motsi. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin ɗari na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 na da ƙarancin jini. Duk da cewa ba duka ne daga rashin ayon ba, wannan adadi ya isa ya sa a riƙa tambayar mata yadda ƙafafunsu ke kwana. Kuma gwajin yawan jini da aka saba yi bai wadatar ba, domin jini na iya fitowa daidai alhali ajiyar ayon ta yi ƙasa. Gwajin feritin ne ke nuna hakan.

Don haka muna kira ga ma'aikatun lafiya na jihohi da su sanya tambayoyi uku cikin awon ciki da ɗakunan wankin ƙoda: shin abin na zuwa ne idan an huta, ya fi tsanani da dare, kuma tafiya na sauƙaƙa shi? Ba sa cin minti biyu, ba sa cin ko kwabo. Ƙungiyoyin masu kemis su ma su sanar da mambobinsu cewa mai irin wannan koke asibiti za a tura shi.

Masu fama da ita kuma, goro da kofi da shayi mai kauri bayan la'asar ba sa taimaka musu, kuma shan shayi tare da abinci na rage ayon da jiki ke ɗauka. Kada a sayi ƙwayar ƙarin jini a yi ta sha ba gwaji, domin yawan ayon ma illa ne, balle ga mai sikila da ake yawan ƙara wa jini. Idan kuwa ƙafa ɗaya ce ta kumbura ta yi zafi, wannan yana iya zama daskarewar jini a jijiya, a tafi asibiti a ranar.